Zarton lantarki a kasuwannin Salaga, Yendi da Bawku: Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya duba kafin ya yi sari

Duk wanda ya saba zagaya layin 'yan kayan gini a kasuwannin arewacin Gana ya san cewa kayan da ake jerawa a rumfuna sun sauya. A da, abin da kafinta ke nema bai wuce guduma da ƙusa da zarton hannu da tef ɗin awo ba. Amma tun bayan da shirin kai wutar lantarki na ƙasa, wanda aka ƙaddamar a 1989, ya sada garuruwanmu da wuta, sai kafintoci suka fara neman kayan aiki masu amfani da lantarki. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi tambaya shi ne ɗan ƙaramin zarton nan da ake riƙewa da hannu ɗaya, mai siririyar wuƙa da ke hawa da sauka, wanda kafintoci ke kira jigso.

Mun ga ya dace mu yi bayani a kan wannan inji ne saboda yawancin masu sarinsa ba kafintoci ba ne. Ɗan kasuwa ya je Kumasi ko Tamale ko Sinkase, ya ga kwali mai sheƙi da manyan lambobi, ya ji farashi ya yi masa, sai ya ɗauko katan biyu ko uku. Shi kuma kafintan da zai saya, wataƙila kuɗin adashinsa ne ya kwasa, ko bashi ya ci da niyyar biya idan ya gama kayan ɗakin amare na bayan kaka. Idan injin ya ƙone a mako na biyu, kafinta ya yi asarar kuɗi da aiki, ɗan kasuwa kuma ya yi asarar mai saye da duk wanda zai ji labari daga bakinsa. A gari kamar Yendi ko Salaga, inda kafintoci duk sun san juna, labari irin wannan ba ya kwana.

Daga keken ɗinki aka samo shi

Tarihin wannan inji yana taimakawa wajen gane yadda yake aiki. A shekarar 1946 ne wani injiniya mai suna Albert Kaufmann, ma'aikacin kamfanin Scintilla a ƙasar Suwizalan, ya cire allurar keken ɗinkin matarsa ya maƙala guntun zarto a gurbinta, sai ya ga yana yanka siraran katako, kuma ana iya juya shi yadda ake so. A 1947 kamfanin ya fara ƙera injin da sunan Lesto. A 1954 kamfanin Bosch na Jamus ya mallaki mafi yawan hannun jarin Scintilla, daga baya kuma injin ya koma fita da sunan Bosch. A 1966 aka ƙara masa wata dabara da ke sa wuƙar ta riƙa yin lilo gaba da baya yayin da take hawa da sauka, abin da za mu yi bayaninsa a gaba.

Saboda haka duk wanda ya san keken ɗinki ya san rabin jigso. Akwai ɗan mota a ciki mai juyawa, akwai giya da ke mayar da juyawar ta zama hawa da sauka, sannan akwai sanda da ke riƙe da wuƙar kamar yadda sandar keke ke riƙe da allura. Wuƙar a sama kawai aka kama ta, ƙasanta a sake yake. Wannan ne ya ba ta damar shiga lungu da zagaye, kuma shi ne rauninta, domin abin da aka riƙe ta gefe ɗaya yana iya lanƙwasa idan aka matsa masa.

Aikinsa da aikin da ba nasa ba

Babbar hanyar da ake cutar mai saye ba tare da an yi niyya ba ita ce a sayar masa da jigso alhali wani zarton yake bukata. Aikin jigso shi ne yanka mai lanƙwasa: fuskar gado mai ado, hannun kujerar kushin, kewayen madubi, ramin lasifika a jikin akwati, gurbin soket a jikin allo, haruffan katako na masu rubutun shago. Har ila yau yana iya fara yanka daga tsakiyar allo, idan an huda rami an zura wuƙar, abin da zarton hannu na yau da kullum ba zai iya ba.

To sai dai tsaga dogon katako a miƙe, ko yanka azarar rufi mai kauri daga safe har yamma, wannan aikin zarto mai faifai ne. Wanda ya tilasta wa jigso irin wannan aiki zai ga layin yana karkacewa, wuƙa tana zafi, motar tana wari, ba da jimawa ba kuma ya dawo ya ce kayan ba su da kyau. Don haka kafin a buɗe kwali, tambaya ɗaya ta wajaba a kan mai rumfa: "Malam, wane irin aiki za ka yi da shi, kuma kaurin katakon nawa ne?" Idan amsar ita ce rufin gida, gara a gaya masa gaskiya ko da cinikin ranar zai wuce. Gobe shi ne zai kawo abokinsa.

Katakon da ke zuwa mana

Ba a zaɓar zarto sai an san abin da zai ci. Mafi yawan katakon da ake aiki da shi a arewa daga kudu yake zuwa, ta kasuwannin katako irin na Techiman da na Sokoban a Kumasi, inda aka mayar da kafintocin unguwar Anloga a ƙarshen shekarun 2000. Akwai wawa, farin katako mara nauyi mai laushi, wanda ko ƙaramin inji yana ratsa shi cikin sauƙi. Akwai ofram da emire masu matsakaicin ƙarfi. Akwai kuma odum, wanda Hausawa ke kira loko, mai tauri da ke dakushe wuƙa da wuri. A nan gida muna da maɗaci da kawo da darbejiya, kuma kawo ba ya wasa da ƙaramin inji. Ita kuwa maɗobiya, wadda aka yi ta kwasa daga dazuzzukan ƙasar Gwanja zuwa ƙasar Sin, gwamnatin Gana ta sha haramta saranta da fitar da ita, har da haramcin 2019, don haka mai hankali ba ya gina sana'arsa a kanta.

Wani abin lura shi ne, duk da dokar 1998 ta hana tsaga katakon sayarwa da zarton sarƙa, katako mai yawa da ke kasuwannin cikin gida ta wannan hanyar aka tsaga shi. Irin wannan katako kaurinsa ba ya zama ɗaya daga kai zuwa gindi, kuma sau da yawa bai gama bushewa ba. Ɗanyen katako yana cushe haƙoran wuƙa da dusa, yana kama ta, sai motar ta riƙa wahala. Kafintan da ke aiki da irinsa yana bukatar inji mai ƙarfi da wuƙa mai manyan haƙora. Shi kuwa mai aikin fulaiwud da MDF da allon fomeka, wato masu yin kabad da kantar shago, damuwarsa tsabtar yanka ce, kada bakin allo ya tsattsage.

Lambobin jikin kwali

Lamba ta farko da kowa ke kallo ita ce wat. Ƙananan jigso na kamfanonin da aka sani suna tsakanin wat 400 zuwa 500, manyan na shagon kafinta kuma daga 650 zuwa kusan 800. Misali, Makita 4329 wat 450 ne, kamfanin ya ce yana yanka katako har kaurin milimita 65, kuma nauyinsa ya kusa kilo 2. Yayansa Makita 4350 wat 720 ne, an rubuta masa milimita 135, nauyinsa ya haura kilo biyu da rabi. Waɗannan misalai ma'auni ne mai amfani. Idan manyan kamfanoni ba su kai wat 1,000 a jigso ba, to inji mara suna da aka rubuta masa 1,500 ko 2,000, kuma ka ɗaga ka ji shi sakayau kamar fanko, lambar ado ce kawai.

Akwai ɗan lissafi da ke tona asirin irin wannan. A jikin injin akwai 'yar takarda ko faranti mai ɗauke da bolt da wat, wani lokaci har da amfiya. Idan aka ninka bolt da amfiya, abin da ya fito ya kamata ya yi kusa da wat. Bolt 230 sau amfiya 3 ya ba da 690. In ka ga an rubuta amfiya 2 sannan an ce wat 1,200, lissafin bai haɗu ba, kuma wanda ya yi ƙarya a takarda zai yi a cikin mota.

Game da kaurin da aka ce injin yana yankawa, a sani cewa iyakar ƙarfinsa ke nan a katako mai laushi da sabuwar wuƙa. A aikin yau da kullum, da zarar katako ya kai inci biyu, wato kimanin milimita 50, ƙasan wuƙar yakan fara gocewa, sai a ga sama ya bi layi amma ƙasa ya karkace. Shawararmu ita ce a ɗauki rabin lambar da aka rubuta a matsayin abin da injin zai yi kullum ba tare da gajiya ba.

Lamba ta biyu ita ce nisan hawa da saukar wuƙa. A ƙananan injuna milimita 18 zuwa 20 ne, a manya kuma ya kai 26. Mai dogon zango ya fi sauri, ya fi fitar da dusa, kuma haƙora da yawa ne ke raba aikin, don haka wuƙa ta fi daɗewa. Lamba ta uku ita ce gudu. Yawancinsu suna kai bugu wajen 3,000 a minti ɗaya, amma abin nema shi ne maɓallin rage gudu. Katako yana son sauri, ƙarfe da roba suna son sannu, domin sauri yana ƙona haƙoran wuƙa a ƙarfe, yana kuma narkar da roba ta sake mannewa a bayan wuƙar. Inji mai gudu ɗaya tak ya rage wa mai shi rabin ayyukan da zai iya karɓa.

Sai makunnin lilo, wanda yawanci yake a gefe kusa da wuƙa, da lambobi daga 0 zuwa 3. A kan 0 wuƙa tana hawa da sauka ne a miƙe, yanka ya fita da tsabta amma a hankali, kuma nan ake barinsa idan za a yi zagaye mai tsanani ko a yanka ƙarfe. A kan 3 wuƙa tana tunkuɗa gaba idan za ta hau, ta ja baya idan za ta sauka, sai aiki ya yi sauri amma bakin katako ya yi kaushi. Kafintan kushin, wanda yadi zai rufe katakonsa, zai so wannan sauri ƙwarai. Inji mai lilo ya ɗan fi tsada, amma ga mai aiki kullum bambancin kuɗin ba ya daɗewa ya dawo.

Wuƙa ita ce kasuwar

A nan ne muke son 'yan kasuwa su tsaya su yi tunani. Inji sau ɗaya ake sayensa a shekaru, amma wuƙa kowace ranar kasuwa ana nemanta. Wanda ya sayar da inji bai ajiye wuƙarsa ba, ya yi wa maƙwabcinsa noma ne. Mafi muni kuma shi ne a kawo injin da babu wuƙarsa a garin gaba ɗaya.

Gindin wuƙar jigso iri biyu ne aka fi sani. Akwai mai kafaɗu biyu kamar harafin T, akwai mai 'yar tsaga a ƙarshe kamar harafin U. Mai T ita ce ta mamaye kasuwa, ita manyan kamfanoni ke yi, kuma ita ke shiga injunan da ake sauya wa wuƙa da ɗan hannu ba tare da makulli ba. Wasu tsofaffin injuna da wasu masu araha U kaɗai suke karɓa. Kafin a yi sari a buɗe inji ɗaya a gwada masa wuƙa mai T. In bai kama ta da kyau ba, a bar shi. A duba kuma abin da ke riƙe wuƙar. Idan noti ne ake ɗaurewa da ɗan makulli mai kusurwa shida, a tabbatar makullin yana cikin kwali kuma notin ba mai saurin cinyewa ba ne. Wannan tsohon tsari yana da kyawunsa, domin ko ya lalace ana samun noti a gari, alhali mariƙi mai sifirin idan ya karye sai an nemo irinsa.

Haruffan da ke jikin wuƙa suna faɗar ƙarfen da aka yi ta da shi. HCS ta katako ce, tana da araha kuma tana lanƙwasa ba tare da saurin karyewa ba. HSS ta ƙarfe ce, ta fi tauri amma tana karyewa in an murɗa ta. BIM haɗin biyun ce, ta fi tsada, ta fi daɗewa, ita ce ta dace da katako mai tauri ko tsohon katako mai ɓoyayyiyar ƙusa. Bosch yana da lambobin da wasu kamfanoni ma suka ara, kuma sanin kaɗan daga ciki ya isa a riƙe rumfa. T144D mai manyan haƙora ce ta saurin yanka katako. T244D irinta ce amma siririya, don saurin yanka mai lanƙwasa. T101B ta yanka mai tsabta ce. T119BO da T101AO na ƙananan zagaye ne. T118A ta siririn ƙarfe ce.

Akwai wata da ya kamata masu kabad su sani, wato T101BR. Haƙoran wuƙar jigso suna ci ne idan tana hawa, shi ya sa fuskar allo ta sama ce ke tsattsagewa. Kafintan da ya ƙware yakan kifa kyakkyawar fuskar ƙasa kafin ya yanka. Idan ba halin kifawa, kamar kantar da an riga an kafa, sai a sa wannan wuƙa mai haƙora a juye, amma a kashe lilo kuma a danne injin sosai domin yana son tsalle. Ƙa'idoji biyu kuma suna aiki a kowace wuƙa: a samu aƙalla haƙora uku a cikin kaurin abin da ake yankawa, sannan tsawonta ya wuce kaurin katakon ko da ta hau can sama. Mai rumfar da zai iya faɗa wa kafinta wannan a tsaye, kafinta ba zai wuce shi ya tafi wani wuri ba.

Wutarmu da wutar wasu

Wutar da kamfanin NEDCo ke rabawa a arewacin Gana bolt 230 ce, kuma ta Togo da Burkina Faso ma kusan haka take, wato 220. Saboda haka injin da aka saro a Sinkase ko Lome zai yi aiki a Bawku. Bambancin a fulogi yake, domin can mai ƙafa biyu zagayayyu ake yi, mu kuma mun fi amfani da mai ƙafa uku irin na Ingila. Maganin wannan shi ne mai gyaran wuta ya sauya fulogin da mai kyau. Cusa waya tsirara a soket, ko dogaro da adafta mai girgiɗi, shi ke jawo tartsatsi da ƙonewar makunni.

Haɗarin ya fi yawa a kayan hannu da ake kawowa daga Turai da Amurka, waɗanda a Gana ake wa laƙabi da hom-yus. Cikinsu akwai injuna nagartattu da suka fi sababbi da yawa ƙarko, amma dole a karanta farantin jikinsu. Na Amurka da Kanada bolt 120 ne, na cikin gidan Japan 100. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ko daga Ingila ma akwai masu bolt 110, waɗanda ake aiki da su a wuraren gini, alamarsu zagayayyen fulogi rawaya. Wani yakan yanke wannan fulogi ya sa irin namu ya kawo kasuwa. Da an jona shi injin zai yi kuka mai ƙarfi na ɗan lokaci, sai hayaƙi. Irin waɗannan ba sa aiki sai da tiransifoma mai rage wuta, kuma a haɗa kuɗinta a lissafi kafin a ce an samu araha.

Ƙarancin wuta ma yana kashe inji. Doguwar waya siririya da aka ja daga gidan maƙwabci zuwa rumfar kafinta tana rage ƙarfin wutar kafin ta iso, sai injin ya yi sanyi, mai aiki ya ƙara dannawa, motar ta yi zafi. Ya kamata mai sayar da jigso ya ajiye wayar ƙari mai kauri ya riƙa haɗawa da ita. Mai aiki da janareta kuma ya bari ta daidaita kafin ya kunna inji, kada kuma ya ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta.

Tun lokacin ɗauke-ɗauken wutar nan da aka yi wa laƙabi da dumsor, wanda ya yi tsanani a 2015, masu sana'a suka ƙara sha'awar kayan batir. Jigso mai batir yana da amfani ga mai zuwa aiki ƙauye ko gidan da ba a jona wa wuta ba. Amma a lura da abubuwa uku. Batir da caja sukan kai ko su fi kuɗin injin, kuma wasu kwalaye inji ne kawai a ciki. Batirin wani kamfani ba ya shiga injin wani. Sannan wanda aka rubuta wa bolt 20 da wanda aka rubuta wa 18 ƙarfinsu ɗaya ne, na farko an auna shi ne daidai lokacin da ya cika. Lambar da ke nuna daɗewa ita ce Ah. Zafi kuma maƙiyin batir ne, ga shi a watannin Maris da Afrilu zafin Bawku yakan haura digiri 40. Ba a jera batir a rana don talla, ba a barinsa a ƙarƙashin kwano da tsakar rana.

Gani ya kori ji

Sayen inji a rufe cikin kwali cinikin biri a sama ne. Duk dilan da ya hana a buɗe a jona, ya san abin da ya sa. Idan an buɗe, a fara da farantin ƙasa da injin ke zama a kai. Na manyan injuna zubin alminiyom ne mai kauri, na ƙanana kuma ƙarfe ne da aka lanƙwasa. Ko wanne ne, a ɗora shi a kan gilashi ko tayil a ga ko yana rawa. A kwance shi a karkata zuwa digiri 45, a mayar, a ɗaure, a ga ko ya koma daidai ya tsaya cak. Farantin da ba ya tsayawa ba zai taɓa ba da yanka a miƙe ba.

Daga nan, alhali ba a jona wuta ba, a sa wuƙa a kama ta da yatsu a girgiza hagu da dama. Motsi kaɗan ba laifi, amma in tana kaɗawa kamar haƙori mai shirin fita, sandar ta yi sako-sako. A duba 'yar tayar da ke bayan wuƙa, ta zama ta ƙarfe mai tsagi, tana juyawa, kuma bayan wuƙar yana zaune cikin tsagin. Sai a jona a saurara. Inji mai lafiya kukansa ɗaya ne, yana hawa yana sauka daidai da maɓalli. Ƙarar ƙarafa, ko wuta mai yawa da ake hangowa ta ramukan iska, ko warin ƙuna, duk alamun ciwo ne. A ƙarshe a yanka guntun katako mai tauri, a sa sukwaya a bakin yankan a gani. Mai zuwa sari ya riƙa tafiya da guntun odum da wuƙa mai kyau a jakarsa.

Game da jabu, manyan sunaye aka fi kwaikwaya. Alamominsa su ne rubutu mai kuskure ko mai gogewa da yatsa, rashin lambar inji ko a ga lamba ɗaya a jikin injuna da yawa, waya siririya mai tauri, roba mai kaifin baki inda aka haɗa, da farashin da ya yi ƙasa ƙwarai da na wakilin kamfani. Akwai kamfanonin ƙasar Sin irin su Ingco da Total da ke sayar da kaya da sunansu, da wakilai da kayan gyara, a farashin da ƙaramin kafinta zai iya. Inji mai matsakaicin daraja da ya zo da sunansa na gaskiya ya fi wanda ya ari babban suna, domin na farko ka san abin da ka saya. Kuma sayar da jabu da sunan na asali ha'inci ne, ko a wajen hukuma ko a wajen Allah.

Ƙura da mai gyara

Injunan nan ba a ƙera su da hunturunmu a rai ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura tana haɗuwa da dusar katako ta toshe ramukan iska, mota ta kasa shan iska. A gaya wa mai saye ya riƙa hure ramukan bayan aiki, ya ɗiga mai kaɗan a 'yar taya, ya ajiye injin cikin akwati. A cikin motar kuma akwai gawayi biyu ƙanana da ake kira kabon, waɗanda ke cinyewa a hankali. Sau da yawa injin da aka ce ya mutu kabon ne kawai ya ƙare, abin kuɗi kaɗan. Amma in babu irinsa a gari, sai a sassaƙa wani a cusa, daga nan kuma a lalata motar. Don haka duk wanda zai saro inji goma ya haɗo da kabon da makunni na irinsu, kuma tun kafin ya tafi ya tambayi mai naɗa kwayil na garinsu wane iri ne yake iya gyarawa.

Lafiyar mai aiki ma tana cikin cinikin. A zare fulogi kafin a taɓa wuƙa, a kuma tuna tana da zafi bayan yanka. Kada a sa hannu a ƙarƙashin allo don tallafa shi, domin wuƙar tana leƙowa ta can. A ɗaure katako kafin a fara. Tabarau da takunkumi ba ƙawa ba ne, musamman da yake ƙurar odum tana sa wasu tari da ƙaiƙayi, ta MDF kuma tana da laushin da ke shiga ƙirji. Yaran shago ne suka fi jin rauni, don su ake bar wa aiki ba tare da an nuna musu ba.

Lissafin hanya

Abu na ƙarshe shi ne nisa. Ɗan kasuwar Salaga da ya saro a Kumasi, ko ya zagayo ta Tamale ko ya tsallako tafkin Volta daga Yeji zuwa Makango, ba zai koma don inji ɗaya ba. Na Yendi yana da Tamale a yamma da iyakar Tatale a gabas. Na Bawku yana kusa da Pulmakom da Kulungugu, amma rikicin da ya sake tashi a garin tun ƙarshen 2021 ya nuna yadda hanya kan iya rufewa ba shiri. Garantin da sai an kai kaya Akra kafin ya yi aiki bai amfani kowa a nan ba. A nemi dila mai shago tsayayye, a karɓi rasit mai lambar kowane inji, a kuma yi magana a fili kan abin da za a yi idan wani ya zo da aibi.

Wanda ya saya da sefa ya haɗa kuɗin canji da na kwastam da na mota kafin ya ce can ya fi araha. Sassaucin harajin ECOWAS na kayan da aka yi a cikin yankin ne, bai shafi injin da aka ƙera a Sin ko Turai ba. Sefa a ɗaure take da yuro, sidi kuwa yana hawa yana sauka, kamar yadda ya faɗi warwas a 2022 ya kuma farfaɗo a 2025. Mai hankali yana sa farashi ne da abin da zai kashe ya maye gurbin kayan.

Shawararmu ga mai farawa ita ce kada ya cika rumfa da iri-iri. Ya ɗauki iri biyu da ya gwada: ƙarami mai wat 450 zuwa 500 don masu allo da aikin ado, da babba mai wat 650 zuwa sama, mai lilo da maɓallin gudu, don masu gado da kujera. Dukansu su zama masu karɓar wuƙa mai T, kuma wuƙaƙe da kabon su kasance a rataye kusa da su. Fataken da suka riƙa zuwa Salaga daga Kano da Katsina neman goro sai sun buɗe huhu sun tsince kafin su ɗaure kaya, domin sun san goro ɗaya mai tsutsa yana ɓata sauran, ga hanya da nisa. Masu iya magana sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka.